Lambar Issa Mai Moussa

Matar da ke bayan gilashin ta duba fasfo, ta duba takardar haihuwa, ta buga sunan a na'ura. Sai ta ɗan yi murmushi, ta gaya masa da Faransanci cewa ai yana da lamba tuntuni.

Ya ce kwanansa arba'in da ɗaya ke nan a ƙasar.

Ta karanto masa abin da ke gabanta. Issa Mai Moussa, an haife shi ranar tara ga Nuwamba 1991 a Mirriah, jihar Damagaram, Nijar. Uba Mai Moussa Abdulrazak, uwa Fatsima Salihu. An ba da lambar a 2013, dosiyen, wato fayil ɗin, yana Lyon. Ta tambaye shi ko ya taɓa karatu ko ɗan aiki a can ya manta. Mutane suna mantawa, in ji ta, musamman waɗanda suka koma gida suka sake dawowa.

Ya ce bai taɓa zuwa Lyon ba.

Ta sake buɗe fasfon, wannan karon a shafin biza, ta daɗe tana kallon hatimin filin jirgi. Ta tashi ta shiga ciki. Da ta dawo babu murmushin. Ta kwafi takardunsa duka, ta maido masa da na asali, ta ce ya koma gida, wasiƙa za ta zo.

Abin da ya kawo shi ofishin na Saint-Denis bai taka kara ya karya ba. Duk mai aiki a Faransa yana da lambar sekirite, alƙaluma goma sha biyar, da ita ake rubuta albashi, asibiti da fansho. Shi injiniyan ruwa ne. Wani kamfani a Aubervilliers, mai auna ruwan ƙarƙashin ƙasa kafin a yi gini, ya ɗauko shi daga Yamai bayan shekara shida yana aikin rijiyoyi. Madam mai kula da ma'aikata ta ce ana tafiyar da albashinsa da lambar wucin gadi, amma tana son ta gaskiyar kafin watannin gwaji uku su ƙare ranar tara ga Maris. Izinin zamansa a ƙasar kuma da aikin yake ɗaure.

A gida sunansa Ilya. Issa yayansa ne, ɗan farin mahaifiyarsu, wanda aka haifa a asibiti aka kuma yi masa takarda. Ƙyanda ta ɗauke shi a 1994, bai cika shekara uku ba. An binne shi da hantsi a bayan gari, a gefen da ake sa yara, babu wanda ya je ya sanar da magajin gari. Ilya kuwa a ƙauyen kakarsa aka haife shi, tsakiyar damina, lokacin da hanya ta yanke, ba a yi masa komai ba. Da lokacin shiga lakol, makarantar boko, ya yi, mushe, malamin makarantar, ya ce sai da takarda, sai Malam Mai Moussa ya buɗe akwatinsa ya ɗauko wadda ke ciki. Ba shi kaɗai ya yi haka ba a unguwar. A ajinsu akwai yarinyar da ke amsa sunan ƴar kawunta, akwai yaron da takarda ta ba shekara goma alhali bai fara famfara ba.

Shekara goma sha uku, kowace safiya, mushe yana kiran Issa Mai Moussa, Ilya yana cewa "prezan", wato ga ni. Ya saba har ya daina jin komai. Abin da ya rage masa kawai shi ne bai taɓa cin komai na murna ba ranar tara ga Nuwamba, ko da abokan jami'a sun matsa.

Inna Fatsima ba ta taɓa furta sunan ba. Ɗan fari ne, tun yana raye take ɓoye sunansa kamar yadda aka saba, bayan ya rasu kuma babu dalilin kiran sa. In an kawo saƙo daga lakol sai ta ce, takardarka ta zo. In zancen mamacin ya zama dole sai ta ce, wancan.

Wasiƙar ta iso bayan kwana goma sha biyu. Shafi ɗaya ce. Mutum biyu sun gabatar da asali iri ɗaya, in ji ta. An buƙaci kowannensu ya aiko da duk hujjar da ke nuna shi ne mai sunan, kafin ashirin da takwas ga Fabrairu. Ya karanta ta a tsaye a bakin matattakala, ya hau ɗakinsa ya sake karantawa a zaune, sannan ya kira Baba Bukari, ƙanen mahaifinsa, wanda gidan ya koma hannunsa tun rasuwar Malam shekara bakwai da suka wuce.

An gaisa. An tambayi sanyi, an tambayi aiki, an tambayi lafiyar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sai Ilya ya ambaci Lyon. Baba Bukari ya ce, ai Habibou ne, ɗan Gwaggo Hamdiya. A 2011 yaron ya ƙudurta tafiya, ba shi da ko guntun takarda, uwarsa ta zo ta zauna a zauren yayanta tana kuka. Malam ya je ya ciro kwafin takardar ya ba shi. A ganin Malam, Ilya ɗan lakol ne, zai gama ya zama ma'aikaci a ƙasarsa, Habibou kuma zai yi nisa inda babu wanda ya san Mirriah. Me zai haɗa littafin Damagaram da na Nasara? Baba Bukari ya ce shi kansa ya manta da zancen. Da Ilya zai tashi, tunanin kowa a kan guzuri da rigar sanyi yake.

Ya turo lambar wayar Habibou. Kafin ya kashe ya ce, Innarka tana nan, ta ji komai.

"Inna, ina wuni."

"Lafiya lau. To wa za a ba?"

"Wanda ya fi hujja."

"Wa ya fi?"

"Ni."

Ta ce Allah ya zaɓa mafi alheri, ta miƙa wa Baba Bukari wayarsa.

Ya yi mako biyu bai kira Lyon ba. Ya haɗa hujjojinsa a ambulan ruwan ƙasa: shaidar gama firamare, katin koleji, bakaloriya, takardun jami'a, shaidar aiki. Kowace da hoto, kowane hoto da sunan Issa a ƙarƙashi. Ya jera su a kan gado bisa shekaru. Yaron da ke hoton farko yana da shekara goma sha ɗaya, kunnuwansa sun fi kansa. Duk wanda ya bi hotunan zai ga mutum ɗaya yana girma, babu giɓi ko ɗaya. Ya lura cewa yana kallon su kamar hotunan wani, yana neman abin da bai san kamarsa ba.

A wurin aiki yana saukar da na'ura cikin rijiyoyin gwaji a filayen gini, yana rubuta zurfi. Abokan aikin suna kiran sa Issa daga nesa, ta cikin ƙarar injuna. A da yakan juya nan take. Yanzu sai ya tsaya kaɗan, kamar mai jiran wani ya riga shi amsawa.

Habibou ne ya fara kira. Shi ma wasiƙar ta same shi, kuma Gwaggo Hamdiya ta gaya masa sauran. Bai yi maganar takarda ba. Ya ce kunya ta kama shi, a ce ɗan kawunsa yana ƙasar wata biyu bai ci tuwon gidansa ba. Ya zo ranar Asabar.

Jirgin ƙasa ya tashi daga Paris ƙarfe takwas, ya shiga tashar Part-Dieu ta Lyon ƙarfe goma. Ilya ya ɗauki metiro, ya sauka ya ɗauki taram zuwa Vénissieux, ambulan ɗin yana cikin jakarsa. Gidan bene ne mai hawa goma, irin na gwamnati. A zauren shiga akwai akwatunan wasiƙa a jere. Na uku a layin tsakiya an rubuta masa I. MAI MOUSSA da baƙin alƙalami, rubutun ya koɗe, an sake bin sa. Ya tsaya a gaban akwatin har wata tsohuwa mai jan keken cefane ta roƙe shi hanya.

Habibou ya buɗe ƙofa a hawa na shida. Ya yi ƙiba, furfura ta fara a gemu. Rabon Ilya da shi tun Ilya yana lise, babbar sakandare. Su taubasai ne, Ilya ɗan namiji, Habibou ɗan mace, kuma a al'ada ɗan mace bawan ɗan namiji ne. Babu maganar da ba ta halatta tsakaninsu, babu kuma wanda aka yarda ya yi fushi.

"Ubangijina da kansa," in ji Habibou. "Ka biyo bawa har ƙasar Nasara."

"Bawan da ya gudu da kayan gida ai dole a biyo shi."

"Ban gudu da komai ba, kawu ne ya ba ni. Shigo, kana shigar mana da sanyi. Har yanzu kunnuwan nan ba su daina girma ba?"

Matarsa Ramatou ƴar Maradi ce, tana aiki a kantin abinci na wata makaranta. Ta durƙusa kaɗan ta gaishe shi, ta kira shi Yaya Ilya, ta ce sun daɗe suna jin labarin injiniyan gidan. Ƴaƴan biyu ne, Amal mai shekara tara da Rufaida mai biyar. Uban ya sa suka yi gaisuwa da Hausa, suka yi ta a gurguje suna dariya, suka koma Faransancinsu. An kawo dambu da zogale, da naman rago, da yajin da Gwaggo Hamdiya ke aikowa. Habibou ya ce wa matarsa ta zuba wa baƙon da yawa, masu karatu ba sa ƙoshi, shi ya sa suke kwaɗayin abin mutane. Ramatou ta yi dariya. Daga yadda ta yi dariyar Ilya ya gane ba a nuna mata wasiƙar ba. Ta san mijinta Habibou ne a gida, Issa a takarda, kamar mutane da yawa. Ba ta san wane ne Issa ba.

Suna cikin ci aka buga ƙofa. Wani maƙwabci Balarabe ne ya zo aron tsani. Daga bakin ƙofa ya ɗaga murya ya kira Issa. Su biyun suka juya tare. Amal ta gani, ta tambayi babanta me ya sa tonton Ilya ya juya. Habibou ya ce tonton ɗin kurma ne, duk sunan da aka kira nasa ne.

Bayan la'asar ya ce zai nuna wa baƙo unguwa. Ba su je ko'ina ba. Sun sauka filin ajiye motoci, suka shiga tsohuwar motar Habibou, ya kunna injin don ɗumi. Gilashin ya fara yin gumi.

Ya ciro katin asibiti daga aljihu, kore, gefensa ya cinye, ya miƙo. Hoton Habibou ne, sunan na Issa. Tun Ilya bai gama karantawa ba Habibou ya karanto lambar da ka, ba tare da ya kalla ba, ya kuma fassara ta: ɗaya namiji, casa'in da ɗaya shekara, goma sha ɗaya wata, casa'in da tara haifaffen waje, ɗari uku da talatin da bakwai Nijar. Sauran, in ji shi, wurin da na'ura ta ajiye shi ne a layi. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa motar ɗaga kaya a kasuwar sarin kayan lambu ta bayan gari da wannan lambar. Da ita aka yi masa aikin ƙaba. Ita ke kan takardar haya, ita ke kan takardun yaran.

Nasa hujjojin suna cikin leda a aljihun mota: kwafin takardar haihuwa, fasfo, katin zama, takardun albashi. Babu abin da ya girmi 2011. Ya nemi ganin na Ilya. Ya ɗauki hotunan ɗaya bayan ɗaya da yatsu biyu, yana goge hannu a wando kafin ya taɓa na gaba.

"Kai ka girma da sunan nan," ya ce. "Ni a hanya na tsince shi."

Ilya ya ce shi ma ba nasa ba ne.

"Ka tuna mai sunan?"

"Shekarata ɗaya lokacin."

"Ni shida. Ina goya shi. Baƙi ne wuluk, ba irinka ba. Yana tsoron zakara. In zakaran gidanku ya yi cara sai ya rugo ya ƙanƙame ƙafata. Ranar da aka fita da shi, a tabarma kawu ya ɗauke shi, hannu ɗaya. An ce mu yara mu shiga ɗaki. Na leƙa ta ƙasan asabari."

Ilya bai taɓa jin ko ɗaya daga cikin wannan ba. A gidansu ba a bayyana wancan. Ya zauna yana kallon gilashin da ya rufe da gumi, yana ƙoƙarin haɗa fuskar, bai samu ba.

Habibou ya ce duk ranar tara ga Nuwamba yakan sayi dabino ya kai masallaci. A wurin aiki suna kawo masa kek, yana yanka musu, shi ba ya ci. Akwai lokutan da yake cika takarda, ya zo gurbin sa hannu, sai ya ji kamar akwai mai tsayuwa a gefensa yana jiran a gama, ba da fushi ba, jira kawai. Ya yi dariya ya ce wataƙila sanyin ƙasar ne ya taɓa masa kai.

Ilya ya ce yana tunanin komawa gida. In bai aika da komai ba, ya ajiye aikin, dosiyen zai mutu da kansa. A Yamai ba zai rasa abin yi ba.

"Ka koma ka ce wa Inna Fatsima me? Ka je Paris ka ga sanyi ka gudu?" Habibou ya mayar da hotunan cikin ambulan, ya daidaita bakinsu. "Kuma sun riga sun gani. Ko ka tafi, sun san mu biyu ne. In suka tona littafin Mirriah, takardun lakol ɗinka za su tarar, ba nawa ba."

Ilya bai san ko haka ne ba. Bai kuma tambaya ba.

"Ranar da kawu ya ba ni, a zaure, ya ce, Habibou, aro ne. In gidan ya buƙata, ka mayar. Na ce to. Shekara goma sha huɗu gidan bai buƙata ba. Ba zan aika musu da komai ba. Kai ka aika naka."

"Yaran fa?"

"Nan aka haife su. Uwarsu tana da nata katin."

"Kai fa?"

"Bawa ai ba ya rasa inda zai kwana. Kai dai ka riƙe aikin da kyau, kar ka ba mu kunya, ɗan masu kunne."

A gida, wanda aka yi wa irin wannan yakan ƙi karɓa sau biyu, sau uku, har sai mai bayarwa ya rantse. Ilya ya ƙi sau ɗaya, kuma ya san Habibou ya ƙirga. Habibou ya kashe injin, ya ce su hau, Ramatou ta ɗaura masa yaji da kilishi.

Ranar Litinin da azahar, a gidan waya na Aubervilliers, Ilya ya aika da ambulan ɗin ta rajista. Ma'aikacin ya auna shi, ya buga hatimi, ya ba shi rasit. Ya koma filin gini, ya auna rijiyoyi huɗu kafin a tashi.

Amsa ta zo ranar shida ga Maris. An gamsu da hujjojinsa. Ba a ƙirƙiri sabuwar lamba ba, tun da asalin yana da lamba tuni. An tabbatar masa da ita, za a raba bayanan da ba nasa ba a hankali. Ya karanta alƙaluman goma sha biyar, ya ji su da muryar da ya fara jin su. Washegari ya kai wa madam kwafi. Ta ce madalla, ta taya shi murna, ranar tara aka tabbatar da shi a aiki.

Ya kira Habibou a makon, wayar a kashe. Ya sake kira bayan kwana uku, haka. A ƙarshen wata ya kira Ramatou. Ta ɗauka. Ta tambayi aiki, ta tambayi sanyi, ta tambayi mutanen gida, duk a tsare, babu wanda ta tsallake. Ta ce Baban Amal ya yi tafiya. Ba ta faɗi inda ya tafi ba. Har suka yi sallama ba ta kira shi da wani suna ba.

Katinsa ya iso a watan Mayu, kore, sabo, da hotonsa. Ya buɗe shafinsa na sekirite a intanet ranar Lahadi da safe. An cire likitan Vénissieux, an cire adireshin. A ƙasan sunansa akwai layi biyu: Amal Mai Moussa, Rufaida Mai Moussa. Wani ɗan bayani ya ce takardun haihuwar yaran sun ambaci Issa Mai Moussa, haifaffen Mirriah ranar tara ga Nuwamba 1991, a matsayin uba, kuma haka za su zauna sai in kotu ta ce akasin haka. In yana da ja, ga takardar da zai cika. Ya buga ta a wurin aiki, ya ninke ta biyu, ya sa a jaka.

Ya kira gida ranar Juma'a. Baba Bukari ya ce Gwaggo Hamdiya ta daina shigowa gidan, amma ba ta ce komai ba. Habibou ya kira ta sau ɗaya da baƙuwar lamba, ya ce yana lafiya. Sannan ya miƙa wayar.

"An ba ka?" in ji Inna Fatsima.

"An ba ni."

"Ɗan Hamdiya fa?"

"Ya yi tafiya."

Ya ji motsin gidan ta bayanta, ƙarar turmi, wani yaro yana kuka a maƙwabta. Sai ya gaya mata zancen layin biyu, da takardar da ke jakarsa. Bai san dalilin da ya sa ya gaya mata ba. Ta tambayi sunayen yaran, ya faɗa. Ta tambayi shekarunsu, ya faɗa. Ta maimaita sunayen a hankali, kamar mai haddacewa.

"A takardar an rubuta ƴaƴan wancan ne?"

"Haka aka rubuta."

"Mata biyu."

"E, Inna."

"Ka bar su a wurin."

Ya ce abin ba daidai ba ne, kuma in an gano daga baya, shi za a tambaya. Ta ce ta ji. Ba ta janye ba, ba ta kuma ƙara ba. Ta ce ya riƙa rufe ƙirjinsa, ta ba Baba Bukari wayar.

Takardar ta yi wata guda a jakarsa. Tana bin sa Saint-Denis zuwa Aubervilliers da safe, tana dawowa da yamma. Sau biyu ya ciro ta a metiro, ya duba gurbin da aka ce ya bayyana dalilin jansa cikin layi biyar, ya mayar.

A tsakiyar Yuni madam ta kira shi ofishinta. Kamfanin ya canza inshorar ƙari ta ma'aikata, kowa zai sake cika fom. Ta ajiye masa shafin da alƙalami, ta ci gaba da buga wani abu. Suna, ranar haihuwa, lamba. Ya rubuta lambar da ka. Sai gurbin yaran da ke wuyan ma'aikaci, ɗan akwati ɗaya, da layuka huɗu a ƙasa na sunaye.

Ya rubuta biyu. Ya cika layi biyu.

Madam ta karɓa, ta duba, ta ɗaga kai. Ta ce ba ta san yana da yara ba, ya cika ɓoye abu. Suna can Nijar? Ya ce a'a, suna Lyon wurin uwarsu. Ta ce a ƙalla ba nisa, awa biyu ne a jirgi. Ta karanta sunayen, ta ce suna da daɗi, ta tambayi wadda ta fi kama da shi. Ya ce babu. Ta yi dariya, ta ce ita ma nata duk uban suka ɗebo, ta nemi ya nuna mata hoto.

Ya ce ba shi da shi a wannan wayar. Ta buga hatimi a kan fom ɗin, ta sa shi cikin dosiyensa, ta ce ya turo mata na gaba.